Amsoshin Wasiƙu: Tawali'u, Komi da Durƙusa wa Wada

Wata 'yar zumuntar mata daga Kafanchan ta ce: "Malam, a wa'azin Kirsimeti an yi ta ambaton tawali'un Almasihu. Shin shi da ƙasƙanci abu ɗaya ne?"

A'a Mama, ko kusa. Ƙasƙanci yi wa mutum ake yi, tawali'u kuwa mutum ke zaɓa da kansa, kuma sai mai girma ke iya shi. Wanda ba shi da inda zai hau, ina zai sauko? Abin da Bulus ke nufi ke nan a Filibiyawa sura 2, cewa Almasihu ya ɗauki siffar bawa da yardarsa. Dubi Luka 2:24: kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu aka kai Haikali bayan haihuwarsa, hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya yarje wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Gidan talakawa ya zaɓa.

Kalmar daga Larabci muka aro ta, tawadu'u, sai harafin "d" ɗin nan mai nauyi ya koma "l" a bakin Bahaushe, kamar yadda ya yi a alwala da lalura da farilla da alƙali. Masu gyara mana baki a rediyo suna cewa "tawadu'u" don a ce sun yi karatu, su bari. Kakanninmu ba kuskure suka yi ba, ƙa'ida suka bi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu kiran mutum mai sanyin jiki ko matsoraci "mai tawali'u". Maryamu da ta amsa wa mala'ika cewa ita baiwar Ubangiji ce, tana sane da abin da gari zai faɗa a kanta, ai ba matsoraciya ba ce.

Wani ɗalibi daga Zonkwa ya tambayi ma'anar "komi" da aka kwantar da jariri Yesu a ciki.

Mazubin abincin dabbobi ne, jam'insa komaye. Manoman rani ma haka suke kiran fangalin lambu. Don Allah mawaƙa su daina rera "an kwantar da shi a komai".

Daga Maraɗi wani ya ce: "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ya dace da Kirsimeti?"

Ya dace, ɗan'uwa, in ka ƙarasa shi: ka tashi da tsawonka. Sai dai yawancin masu faɗinsa lallashin zuciyarsu suke yi, sun durƙusa ne don neman biyan bukata. Wanda aka haifa a Baitalami ba ya neman kome a wurin makiyaya. Ga ƙanƙantar Baitalami kanta da Mika 5:2 ya ambata kuwa, "raina kama ka ga gayya" ya fi zama daidai.

Wata kuma ta ce, raunin da ke 2 Korintiyawa 12:9, inda ikon Allah ke cika, kasala ce?

Rashin ƙarfi ne, 'yata. Kasala ta rago ce.