Ga mai tambaya kan tsutsar da ta harbi 'yarta a lambu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu, Allah ya ba yarinya lafiya. Na ga tambayarki tun da safe, kin ce kin aike ta ta tsinko kuɓewa a bayan gida, ta dawo a guje tana ihu, hannu ya yi ja ya tashi ruɗu-ruɗu. Da kika duba ba kunama ba rina, sai wata koriyar tsutsa mai ƙayoyi manne a bayan ganye. Kina tambaya ko dafinta na kisa, kuma ko ki yi feshin piya-piya ko ki tuge lambun ki huta.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Shekara goma sha huɗu ke nan ina shuka kayan miya a bayan gidana a Zariya, ta harbe ni, ta harbi yarana, kuma duk mun warke a gida. Bidiyon da ake yaɗawa na tsutsar da ke sa mutum zubar da jini har ya mutu, wata ce dabam mai suna Lonomia, a Kudancin Amurka take, musamman kudancin Birazil, har cibiyar Butantan da ke Sao Paulo tana haɗa mata maganin dafi kamar yadda ake yi wa maciji. Ba ita ce a kan kuɓewarki ba.

Namu na nan iri biyu na fi gamuwa da su. Akwai gizaka, mai gashi buzu-buzu, wadda ke fitowa bayan ruwa ya zauna, ta fara da ciyawa sannan ta hau wake da gyaɗa da gero. Gashinta ne ke karyewa ya maƙale a fata, sai ƙaiƙayi da ƙuraje su biyo baya, wani lokacin ma sai bayan awa ɗaya ko biyu. Sai kuma wadda kika kwatanta, gajeruwa, shafaffiya, koriya shar, ba ka ganin ƙafafunta, tana tafiya kamar dodon koɗi marar gida. Ita ce mai zafin. Ƙayoyin nan da ke jere a gefenta da bayanta rami gare su a ciki kamar allura, kowace tana haɗe da dafi a gindinta. Ba ta bin mutum, ba ta cizo. Kai ne za ka goge ta, bakin ƙayar ya karye cikin fatarka, dafin ya shiga.

Ranar da ta fara samuna ba zan manta ba. Watan Agusta ne, da sassafe, ganye duk raɓa. Na zura hannu cikin yaɗon dankali ina neman inda ya yi saiwa, sai na ji kamar an ɗora mini garwashi a tsintsiyar hannu. Abin da kowa zai yi shi na yi, na kama gefen zanena na murje wurin da ƙarfi. Wallahi nan na ƙara wa kaina. Wurin da bai fi faɗin kwabo ba ya koma har kusa da gwiwar hannu, domin na tura ƙayoyin ciki na kuma shafa su inda ba su kai ba. Da yamma har hamatata tana yi mini tsami. Kwana uku ina fama, kuma da na sake ɗaura zanen nan ba wanki, cinyata ma ta ɗauka.

Don haka abu na farko da nake koya wa yarana: kada a sosa, kada a murza. Idan tsutsar tana manne a jiki, a ture ta da tsinke, ban da yatsa. Sai a samo salatif, ko filasta idan shi ke kusa, a manna a wurin a ɗaye, a sake yanko sabo a manna a ɗaye, kamar sau biyar ko shida. Idan kika ɗaga salatif ɗin a hasken rana za ki ga 'yan sile-silen ƙayar a jikinsa. Ni yanzu guda ɗaya na rataye a ƙusa kusa da ƙofar lambu, ba ya barin wurin duk damina. Bayan nan a wanke da sabulu da ruwa, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora kamar minti goma. Idan babu wuta babu ƙanƙara, ruwan randa mai sanyi ma yana sauƙaƙa. Ƙaiƙayin da ke biyo baya kuwa, calamine ko man hydrocortisone na kemis yana kwantar da shi, Piriton ma haka, sai dai yana sa barci, kuma tunda yarinya ce ki bari mai kemis ya faɗa miki gwargwadon shekarunta. Ki yanke mata farce, don susa cikin barci ita ke mai da wurin gyambo. Kayan da ta sa ranar a wanke su dabam.

Za a ce miki ki shafa kalanzir, ko fetur, ko ki tsaga wurin da reza a fitar da dafi. Don Allah kada ki yi ko ɗaya. Fatar da ta riga ta ƙone da dafi ba ta buƙatar wata ƙuna.

Amma akwai inda ba a zama a gida. Idan leɓe ko fuska ko harshe suka kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙuraje suka feso duk jiki, ko jiri da amai, to asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Wasu jikinsu ba ya ɗaukar dafin ƙwari, kamar yadda wani kudan zuma ɗaya kan kwantar da shi. Haka idan gashin ya shiga ido: a zuba ruwa mai tsabta sosai, kada a murza, a kai ga likitan ido, domin gashin kan nutse ya riƙa cin idon a hankali. Idan kuma bayan kwana biyu ko uku wurin ƙara ja yake da zafi, ko ya fara ruwa, a je a duba.

Yanzu maganar feshi, nan ne na fi so ki saurare ni. Piya-piya guba ce ta gaske, ba a yi ta don ganyen da za a tsinka yau a dafa gobe ba. Kuɓewa kullum ake tsinkarta, alayyafo da rama da yakuwa ganyen kansa muke ci. Harbin tsutsa ya wuce cikin kwana biyu, amma wannan a tukunyar yaranki za ta ƙare. Kuma feshin ba ya ma raba ki da matsalar, don matacciyar tsutsa ƙayarta tana nan da zafinta, haka saɓar da ta bari a ganye, haka gidan da take saƙawa idan za ta rikiɗa. Wata shekara ɗana ya ɓamɓaro wasu 'yan ƙwallaye masu tauri a jikin bishiyar gwaiba, kamar ƙananan ƙwai, yana wasa da su, yatsunsa suka kwana suna ƙaiƙayi.

Abin da ya yi mini aiki shi ne duba ganye. Lokacin da suke ƙanana a tare suke zama, ashirin ko fiye a bayan ganye ɗaya, suna kankare korensa daga ƙasa su bar shi shara-shara kamar gyale. Da kin hango ganye irin wannan daga sama, kada ki sa hannu, ɗaga shi da sanda. Idan suna nan, yanke ganyen gaba ɗaya da almakashi ya faɗa cikin bokitin ruwan omo. Ganye ɗaya ya raba ki da abin da zai watsu a lambu duka bayan mako. Sau biyu a mako nake wannan zagayen daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, da safar hannu ta roba mai kauri da riga mai dogon hannu, ba ya cin minti goma sha biyar. Ki kuma duba sama. Sau da yawa ba daga kayan miyar suke tasowa ba, daga mangwaro ko gwaibar da ta yi wa lambun rumfa suke faɗowa, ko daga ciyawar gefen katanga. Ki sassabe reshen, ki nome ciyawar.

Idan sun yi yawa, 'ya'yan darbejiya nake dakawa, busassu, kamar rabin kilo a lita 10 na ruwa, su kwana a jiƙe, in tace da tsumma, in ɗan sa sabulu don ya kama ganye, in fesa da yamma har bayan ganyen, saboda rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kashe su nan take, cin abinci yake hana su har su lalace, kuma ya fi kama ƙanana. Ganyen miya dai a wanke shi sosai, in ba haka ba za ki ji ɗaci.

In kuwa kika ga wata tsutsa ɗauke da fararen abubuwa a bayanta kamar ƙwayar shinkafa, ki bar ta inda take. Wani ɗan ƙaramin zanzaro ne ya yi ƙwai a jikinta, 'ya'yansa sun riga sun cinye ta daga ciki, kuma su ne za su fito su bi sauran.

Yarinyar kuma kada ki hana ta shiga lambu. Idan hannun ya warke, ki kai ta ki nuna mata tsutsar a cikin kwalba ta gane ta da kyau, ki ba ta 'yar sandarta ta ɗaga ganye. Ki sanar da mu yadda ta kwana.