Tambayi Likita: Hantar jariri da cutar shawara

Likita, ina da cikin wata 5. An ce in yawaita cin hanta don ta yaron ta yi ƙwari.

Ba haka ba ne, Malama. Hanta na ƙara jini, amma cinta da yawa na tara bitamin A, wanda kan cutar da ɗan tayi. Ki riƙe wake, kifi, zogale da ƙwayoyin da ake ba ki wajen awo.

Jaririna kwanansa 3, idonsa ya yi ɗorawa. Kakarsa ta ce manjan da na ci ne ya ɓata masa hanta, ana ba shi bauri ana shanya shi a hantsi.

'Yar uwa, a dakatar da baurin nan yau, a kai shi asibiti. Manja bai da laifi.

Hanta na fara fitowa ne wajen mako na 4 da shigar ciki, a matsayin ɗan tsiro daga hanjin tayi. Wasu sinadaran girma ne ke tafiyar da aikin. Zuciyar da ke haɗuwa kusa da wurin tana aiko da ɗaya mai suna FGF, naman da ke kewaye ya aiko da wani mai suna BMP, su biyun suke sa ƙwayoyin halittar ɗan tsiron su zama na hanta. Sai wani sinadarin mai suna HGF ya sa su hayayyafa. Daga mako na 6 hantar ce ke haɗa wa tayi jini, ƙwayoyin jinin kuma su fitar da wani sinadarin da ke taimaka mata ta nuna. Duk wannan jiki ke yin abinsa. Ba a sayar da shi a kemis, balle a kwalbar mai magani a tasha.

To amma ana haihuwa hantar ba ta gama ƙwarewa ba. A ciki, uwa ce ke kwashe masa dattin tsohon jini ta mabiyiya. Da an yanke cibiya aikin ya dawo kansa, sai dattin ya taru ya rina ido da fata. Sau da yawa yakan wuce, amma in ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya kurumce ko ya kasa zama. Gwajin asibiti ne kaɗai zai bambance, ido ba zai iya ba.

Yanzu hantar da ke fama da nata aikin za a ɗora wa jiƙon da ba wanda ya san abin da ke ciki? Haba jama'a! Rana kuma ƙona shi za ta yi. A asibiti akwai fitila ta musamman. A cire kafur daga kayansa, yana fasa jinin wasu jarirai. Ki yi ta ba shi nono. In ya ƙi kama mama, ko kashinsa ya yi fari, ko cikin dare ne ku tafi. Kada a jira suna.

Matata na da ciwon hanta nau'in B. Za ta iya shayarwa?

Ƙwarai. Sai dai a yi wa jaririn allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, ita kuma ta sanar da su tun wajen awo.