Kiɗan gargajiyar Koriya a waƙar IDOL: gaskiya ne ko ado?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ƙanwata ta nuna mini waƙar IDOL ta BTS, ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu, ta ce da kiɗa da rawar gargajiyar Koriya suka dawo fage a lokacin. Ni kuwa da na saurara, kiɗan zamani kawai na ji. Shin da gaske akwai gargajiya a ciki, ko tufafin kawai suka sa don jan hankali?

Amsa: Yawwa 'yar'uwa, barka kadai. Kunnenki bai yaudare ki ba, kuma ƙanwarki ba ta yi ƙarya ba.

Waƙar ta fito ranar 24 ga Agusta, 2018, cikin kundin Love Yourself: Answer. Gindin kiɗanta ba na Koriya ba ne ma. An gina shi ne kan salon rawar Afirka ta Kudu, irin wanda ake kira gqom da ya taso a Durban, har da takun gwara gwara a cikin rawar. Shi ya sa kika ji zamani. Gargajiyar ta fi fitowa ne a bakin mawaƙan, kuma sai wanda ya san ta zai tsinto ta.

Akwai ganga a Koriya mai suna janggu. Mai siririyar tsakiya ce da fata a bakuna biyu da igiyoyi, ga ido kamar kalangu babba, sai dai ba a matse ta a hammata don sauya murya. Mai koyon ta yakan fara haddace bugun da baki kafin hannunsa ya taɓa fata, kowane bugu da sautinsa. A amshin IDOL za ki ji suna faɗin "deong gideok kung deoreoreo". Wannan ba surutu ba ne. Karatun baki ne na wani bugu da ake kira gutgeori, wanda ke tafiya a kashi goma sha biyu, uku-uku sau huɗu, yana rangaji. Ita kuwa waƙar a kan bugu huɗu take, miƙe sambal. Wato sun ɗora sunan tsohon bugun a kan sabo, ba su kaɗa shi yadda makaɗan ƙauye ke kaɗawa ba.

Haka kuma kalmar "eolssu" da suke jefawa. Daga pansori ta zo, waƙar labari mai tsawo da mutum ɗaya ke rerawa tare da makaɗi ɗaya. Makaɗin da 'yan kallo sukan jefa irin wannan kira don zuga mawaƙi ya ƙara ƙaimi. A ganina nan ne BTS suka fi dacewa, domin kiran ya yi aikinsa na asali: dubban matasa a filin wasa suna amsa shi da murya ɗaya, ko da da yawansu ba su taɓa jin pansori ba.

Batun rawa kuwa, abin da ya fi zama a zukatan mutane ba bidiyon ba ne, wasan da suka yi ne a bikin Melon Music Awards a watan Disamba na 2018. Cikin 'yan ƙungiyar, J-Hope ya buɗe da rawar ganguna uku, Jimin ya biyo da rawar mahuci, Jungkook ya yi ta talchum, rawar rufe fuska da talakawa suka daɗe suna yi suna caccakar masu sarauta. Amma a nan ma akwai abin lura. Rawar mahucin da duniya ta sani yau, buchaechum, mai rawa Kim Baek-bong ce ta tsara ta a 1954, ta ɗebo daga tsofaffin rawa. Kiɗan samulnori na kayan kiɗa huɗu, gangunan janggu da buk da ƙarafa biyu jing da kkwaenggwari, shi ma a 1978 Kim Duk-soo da abokansa suka kawo shi dandali a Seoul, daga kiɗan manoma. Abin da muke kira gargajiya a can, an sha gyara shi don ya rayu, musamman bayan mulkin mallakar Japan na 1910 zuwa 1945 da yaƙin da ya biyo baya, da ƙaurar mutane zuwa birane.

Kuma ba BTS suka fara ba. Tun 1993 Seo Taiji and Boys suka sa busar taepyeongso a waƙarsu Hayeoga. Bayan IDOL, Stray Kids sun yi nasu a 2021, Blackpink kuma sun buɗe Pink Venom a 2022 da molon geomungo.

Ba zan ɓoye miki damuwata ba. Kamfanonin waƙa kasuwanci suke yi, kuma sun gane cewa rigar gargajiya ta hanbok da rufin fada suna sayar da hoto a ƙasashen waje. Wani lokaci daƙiƙa goma kacal ake ba kayan kiɗan, sai na'ura ta danne su. Makaɗin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyon janggu ya cancanci fiye da haka, ya cancanci a ji shi sosai a kuma ambaci sunansa.

Idan kina so ki gwada da kunnenki, nemi bugun gutgeori da janggu kaɗai a YouTube, ki saurare shi har ki iya tafa shi da hannu. Sannan ki koma amshin IDOL. Za ki ji inda bakinsu ke bin tsohon bugun, da inda na'urar ta ja su zuwa bugu huɗu.