Ga mai tambaya kan "wildlife", "wild animals" da "game"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina shirin jarrabawar WAEC a Gombe, kin rubuta "many wildlifes" a insha'i malaminku ya soke da jan biro. Kuma kina mamakin yadda ake kiran Yankari "Game Reserve", alhali ke wasa kika san "game" take nufi. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare a nan Bauchi, muna kuma yawan kai ɗalibai Yankari, to bari in warware miki yadda nake warware musu.

Malaminku ya yi daidai. Kalmar "wildlife" ba a ƙirga ta. Ba a liƙa mata "s" a ƙarshe, ba a sa mata "a" a gaba, ba ta tafiya da "many". Kamar gero take: ba a cewa gero uku, sai dai mudu uku na gero. Don haka za ki ce "a lot of wildlife", ko "three species of wildlife", aikatau ɗinta kuma na tilo ne: "The wildlife in Yankari is protected." In ƙirgawa kike so ki yi, giwa ɗaya, ɓauna biyu, sai ki koma ga "wild animals", ita tana karɓar jam'i lafiya lau. A haɗe ake rubuta "wildlife". In kika raba ta kika ce mutum yana yin "wild life", mai karatu zai iya ɗauka rayuwar sharholiya kike nufi. Wajen furtawa kuwa "wayild-layif" ake cewa, ba "wild" da wasalin i ba.

Ma'anarta kuma ta fi yadda ɗalibai suke zato faɗi. Da an ambace ta sai hankalinsu ya tafi kan zaki da giwa. Amma kada da ke kwance a bakin kogin Gaji na Yankari tana ciki, maciji yana ciki, kifi da ƙwari ma haka, da tsuntsayen Yankari da nau'insu ya haura 350. Duk abin da yake rayuwa a muhallinsa, yana nema wa kansa ci da sha ba wanda ya ɗaure shi a turke, ya shiga.

Inda na fi so ki tsaya ki natsu shi ne kan "wild" ɗin kanta, domin nan ne ake yawan tuntuɓe. Yara da yawa suna ɗauka mugu take nufi, ko mai cizo. Ba haka ba ne. Barewa, duk tsoronta, "wild animal" ce. Zomon daji ma haka. Karen unguwa kuwa, ko ya addabi kowa da cizo, bai zama "wild animal" ba. "Fierce" za ki ce masa ko "dangerous", in kuma marar ubangida ne mai yawon bola, "stray". Kishiyar "wild" ita ce "domestic", wato dabbar gida irin akuya da tunkiya. Barewar da aka reno a gida har ta saba da mutane ita ake ce wa "tame".

A sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin Yankari, nake nuna wa ɗalibai wannan. Gwaggon biri zai zauna a gefen mota kamar ba ruwansa, yana kallon hannun yaro. Da ya ga ledar burodi sai ya zabura ya fizge, ya haye bishiya, ya yage ledar da haƙori yana ci yana kallonmu. Can gefe ga gadu ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo tsakanin ɗakunan baƙi. Sai in tambaye su: waɗannan "wild" ne ko "domestic"? Wasu kan ce ai sun zama na gida tunda ga su cikin mutane. A'a. Ba wanda ya mallake su, ba mai yanka musu ciyawa, kuma birin nan in kika matsa masa zai ji miki ciwo. Sabo da mutane bai fitar da su daga dawa ba.

Sai "game". Ban da wasa, tana nufin dabbobi da tsuntsayen da ake farauta, don nama ko don nishaɗi. Mu ma muna da irin wannan, ai maharbi yakan ce ya ga nama alhali dabbar tana tsaye da ranta, daga nan ne ma muka samu "namun daji". To "game" dabba ce a idon mafarauci. A wannan ma'anar ita ma ba ta ɗaukar "s", shi ya sa "Games Reserve" da za ki ji a bakin mutane kuskure ne. Sunan "Game Reserve" da ake kiran Yankari da shi tun zamanin Turawa ne. A 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta mai da shi "National Park" a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Yau farauta haramun ce a cikinsa, wanda ya shiga ya yi harbi a ɓoye kuma ba "hunter" ake ce masa ba, "poacher" ne. Ki duba Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya: shi "Wildlife Park" aka raɗa masa. Ni a ganina, in insha'inki kan kare dabbobi ne, "wildlife" ta fi dacewa, domin ba ta kallon giwa a matsayin abin harbi. Giwayen Yankari suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a ƙasar nan, kuma ina jin ciwon yadda yaranmu da yawa ba su taɓa ganinsu ba alhali suna kusa da su.

"Beast" tsohuwar kalma ce, an fi samunta a tatsuniyoyi da littattafan addini, ko a "beast of burden", wato jaki da raƙumi masu ɗaukar kaya. Kada ki sa ta a insha'i a madadin "wild animal". "Fauna" kuma ki bar wa darasin bayoloji.

In makarantarku za ta shirya ziyara, ki ba malamai shawara su zaɓi rani, daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suke taruwa a bakin Gaji. Daga Gombe hanyar Bauchi za ku bi, ku karya a Dindima. Kafin nan ki haɗa jimloli biyar, biyu da "wildlife", biyu da "wild animals", ɗaya da "game", ki turo nan in duba miki. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa.