Shin John Williams ya kai Michael Jackson?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya ajiye mai tsara kiɗan fim kamar John Williams a sahu ɗaya da su Michael Jackson. Ni dai a ganina za a iya, amma ba da ma'aunin farin jini ba. Jackson ya fitar da Thriller a 1982, duniya ta san fuskarsa, rawarsa, har da safar hannunsa. Williams kuwa zai ratsa kasuwa ba wanda zai waiwaye shi.

To amma dubi aikin. An haife shi a 1932, ya fara aiki da darakta Steven Spielberg tun 1974, sun shafe kusan shekara hamsin tare. A Jaws na 1975, fim a kan wani ƙaton kifi mai cin mutane, sauti biyu kacal ya yi ta maimaitawa, sai ga gaban mai kallo na faɗuwa tun kifin bai bayyana ba. Star Wars na 1977 ya dawo da martabar babbar ƙungiyar makaɗa a finafinan Amurka. Ya ci lambar yabon finafinai ta Oscar har sau 5, an kuma sa sunansa a takara sau fiye da 50.

Abin da ke burge ni shi ne wahalar sana'ar. Mawaƙi yana rera abin da ransa ke so. Mai kiɗan fim dole ya bi hoto daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya yi biyayya ga darakta, kuma duk da haka ya bar sautin da za ka riƙa gunguni da shi bayan shekara arba'in.

Mu ma haka muke yi da finafinan Indiya: mun haddace waƙoƙin, mun san jaruman, amma da wuya ka ji an ambaci wanda ya tsara kiɗan.