Kafin ka zuba miliyan 2 a situdiyon ƙaninka

Wani mai shagon atamfa da shadda a babbar kasuwar Garwa ne ya aiko da tambaya. Ƙaninsa ɗan shekara 23 yana tsara waƙa da kiɗa, da yamma kuma yana koya wa yara kalangu da ganga a zauren gidansu. Shekara biyu ke nan yayan yana saya masa kayan kiɗa da kuɗin shago. Yanzu yaron ya matsa a buɗe masa situdiyo na kimanin sefa miliyan 2, wai waƙa ɗaya in ta tashi a TikTok an rabu da talauci. Shin ya ciro daga jari, ko ya jira kwasar adashinsa?

Malam, na bi saƙonka har ƙarshe ina neman lissafi, ban ga komai ba sai miliyan biyun nan. Nawa ka kashe wa yaron? Ka ce "ba kaɗan ba". Nawa yake samu a wata? Ka ce "yana dai taɓawa". Kai ne fa wanda ba ya ba mace turmin atamfa bashi sai sunanta ya shiga littafi, amma da aka zo kan ɗan ɗakinku sai ka ajiye biro. Matsalarka ke nan, maganar jari ko adashi ma ba a zo wurin ba.

Kuɗin da ka riƙa ba shi, kyauta ne, bashi ne, ko hannun jari? Na tabbata ba ku taɓa zama kun faɗa da baki ba. Shi a ransa yaya ne ya taimaka, kai a naka ran ka zuba ne kana jiran riba. Na taɓa zama a sulhun irin wannan a Marwa. Wani dillalin albasa ya saya wa ƙanin matarsa lasifika da kwamfuta da janareto, ba takarda, ba shaida. Da harkar ta tsaya ya je ɗaukar kayan ya sayar, yaro ya ce ai nasa ne, an ba shi tun tuni. Dattawa suka tambayi nawa aka kashe, kowa ya faɗi nasa, tsakanin maganar biyun akwai fiye da dubu 400. Kayan dai aka karyar da su, matar kuma sai da ta yi yaji.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ku biyun kun raina sana'ar da ke hannunsa. Koyarwar nan ita ce kuɗin da ake iya ƙirgawa. A ce yara 10 ne, kowa dubu 3 a wata, dubu 30 ke nan, ko ana biki ko ba a yi. Amma je ka tambaye shi nawa ne ke biya. Zan yi mamaki in sun kai rabi, don sauran 'ya'yan baffa ne da na maƙwabta, kuma kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. Fatar kalangu tana fashewa a hannun mai koyo, tsirkiya tana tsinkewa, wa ke biyan gyara? Aljihun shagonka. Kiɗan biki kuwa na lokaci ne: bayan kaka in kuɗin auduga ya shigo, sai kuma gab da azumi. Azumi ya kama, ganga ta shiga buhu. Wanda ya ga liƙin dare ɗaya ya ɗauka haka shekara take, haya za ta koya masa lissafi.

Waƙoƙin ma, irin sakacin da ka yi da shi, shi yake yi da mawaƙa. Masu tsara kiɗa a farkon tashinsu suna miƙa aikinsu a kan "in ta fito za mu raba". Ta fito ɗin, mawaƙi ya haye Yola ko Kano, sunan mai kiɗa ko a ƙasan bidiyo babu. Kamaru tana da dokar haƙƙin mallakar fasaha ta shekarar 2000, akwai kuma SONACAM da ke karɓar wa masu waƙa haƙƙinsu, amma duk inda ya kai ƙara hujja za a fara nema. Kafin ya tura wa kowa kiɗa, a rubuta sunan waƙar, wanda ya tsara, da kason kowa, su sa hannu gaban shaidu biyu.

Situdiyo ba zan daɗe a kansa ba. Akwai na haya a gari, ya biya kuɗin zama ya ɗauki waƙarsa ya fito. Ka kuma san yadda wuta take a Garwa in bazara ta yi, ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, man janareto kaɗai ya isa ya cinye cinikin. Batun TikTok kuwa, ka tambaye shi mutum nawa ya sani da idonsa da ke cin abinci daga can.

Kada ka taɓa jari, adashin ma ka bar shi ya koma shago. Ka saya masa littafi, ka ware masa lambar Orange Money ko MoMo ta aiki kaɗai, iyayen yara su riƙa biya ta nan a farkon wata, har da 'ya'yan baffa. Ku zauna gaban mahaifiyarku ku ƙirga abin da ya wuce, a yanke ko kyauta ne ko bashi, a rubuta. Bayan wata 6, a tabbatar watan azumi ko damina ya faɗo ciki, ka turo mini abin da littafin ya nuna. In ribarsa ta biya hayar ɗaki ba da hannunka ba, sai mu yi maganar kwamfuta da makirufo.