Ga ƙanena mai shirin zuwa Madina: dalilin da manhajarka take tsallake suna

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso ni a nan Jidda bayan sallar isha'i. Ka ce kana neman gurbin karatun kwamfuta a Jami'ar Musulunci ta Madina, kuma kafin sakamako ya fito ka fara koyon C, harshen rubuta manhaja, da kanka a gida. Sai ga ƙaramar manhajar da ka rubuta tana tambayar shekaru, mutum ya rubuta, amma da ta zo kan suna sai ta wuce ba ta jira kowa ba. Har ka ce ko kanka ne bai dace da wannan karatu ba. Kada ka sake faɗin haka. Duk wanda ya koyi C ya taka wannan ƙayar.

Ga abin da ke faruwa. Baƙar tagar nan da kake rubuta umarni a cikinta, wato taminal, ba ta miƙa wa manhajarka harafi ɗaya-ɗaya. Tana tara abin da ka danna ne, tana barinka ka goge kuskure, sai ka danna Enter ta miƙa layin gaba ɗaya. Shi kansa Enter ɗin harafi ne da ba a gani, alamar sabon layi. Da ka rubuta 19 ka danna shi, scanf, umarnin C mai karɓar abin da aka rubuta, ya ɗauki 19 ya bar alamar a ajiye. Mai karanta suna ya zo ya tarar da ita, ya ɗauka ka riga ka ba shi amsa, amsar kuma fanko ce. Ko a harshen Java haka take idan ka kira nextLine bayan nextInt. Maganinta: karanta layin duka da fgets, ka cire alamar ƙarshe, sannan ka mayar da shi lamba da strtol, wanda zai nuna maka inda ya tsaya idan mutum ya rubuta shirme. Idan kuma tsohon littafin da kake bi yana cewa ka karanta layi da gets, ka rabu da shi. Ba ya duba girman wurin da zai zuba rubutu, ta irin wannan ƙofa tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ta bi kwamfutoci a 1988, kuma an cire shi daga ƙa'idar C a 2011.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne, mutum ba ya rubuta abin da kake tsammani, kuma a ƙasar nan za ka ga haka da idonka. Aikina na farko a wani ƙaramin kamfani shi ne 'yar manhajar rajistar ma'aikata. Na sa ta karanta lambar iƙama, wato katin zaman baƙo, a matsayin int, nau'in da ake ajiye lambar lissafi a ciki, na gwada da ƙananan lambobi, komai lafiya. Da aka zo aikin gaske, wani direba ya miƙo katinsa, aka shigar, sai ga lamba da alamar ragi a gabanta. Gumi ya karyo min a cikin sanyin na'urar ofis. Lambar iƙama guda 10 ce kuma da 2 take farawa, shi kuwa int mai bit 32 iyakarsa 2,147,483,647. Lambar waya ma ta ba ni kunya a ranar: ta nan da 05 take farawa, sifilin ya ɓace. Tun daga nan, duk lambar da ba za a yi lissafi da ita ba, a matsayin rubutu nake ajiye ta.

Sai kuma Larabci. Kibod ɗin nan harshe biyu ne, abokin aikinka zai iya rubuta maka ١٢٣ da zuciya ɗaya. Harshen Python 3 zai gane ta, umarninsa na int mai mayar da rubutu lamba zai ba ka 123. Amma atoi, mai yin wannan aikin a C, sifili zai ba ka, ba tare da ya ce uffan ba. Dalili kuwa, a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, kowane harafin Larabci bayit 2 yake ci, wato gurbin ajiya biyu, shi kuwa atoi lambobin 0 zuwa 9 masu bayit ɗaya kawai ya sani. Haka ma namu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Gwada strlen, mai ƙirga tsawon rubutu da bayit, a kan Ɗanladi: haruffa 7 ne, zai ce maka 8. Idan ka yanke suna a tsakiyar harafi, alamar tambaya ce za ta fito a allo. Abin yana ci min rai idan na ga ɗan Hausa ya rubuta manhajar da ba ta iya ɗaukar sunan mahaifinsa daidai.

Mu koma kan taminal. Ranar da sudo, umarnin neman izinin mai kula da kwamfuta, ya nemi kalmar sirri ka ga ba abin da ke fitowa, kibod ɗinka lafiya lau, taminal ce ta daina nuna abin da kake dannawa. A Python, getpass ke yin wannan. Manhajojin gyara rubutu irin su nano da vim kuwa suna sauya yanayin taminal ta termios, wato saitinta, don su ji kowane dannawa nan take. Idan irin wannan ta mutu ta bar maka allo a hargitse, rubuta reset. Ctrl+D a Linux yana nufin shigarwa ta ƙare, a Windows Ctrl+Z ne da Enter, kuma fgets zai dawo maka da NULL, alamar cewa bai samu komai ba, don haka ka riƙa dubawa.

Batun tahowa, ka jira takardar gurbi da bizar karatu. Kada wani ya ruɗe ka cewa ka shigo da ta Umara ka ɓuya, na ga yadda 'yan'uwanmu marasa takarda suke rayuwa a nan cikin fargaba. Ka kuma dage da Turanci tare da Larabcin, domin saƙonnin kuskure da bayanan manhajoji da shi suke zuwa.

Kafin Juma'a ka sake rubuta manhajar da fgets, ta karɓi suna da lambar waya, ka gwada ta da layin fanko, da suna mai ƙ, da harafi 300 a jere, ka turo min abin da ta yi. Ka gaida Hajiya, ka ce mata zamzam ɗinta yana hanya.